Safar Hannun Baba a Bakin Tafki

Ina shekara tara Baba ya kai ni tafkin bayan benenmu a unguwar Thamesmead, can ƙasar Turawa, wata Asabar cikin hunturu. An hana shi takardun izinin zama a ƙasar a makon, amma ban sani ba.

Da fatsarsa ta kama kifi, sai ya cire safar hannunsa, ya jiƙa bayanta, ya sa min. Ta yi min yawa, tana ƙarni da warin roba.

"Riƙe shi ta ƙasan ciki, Mamana, akwai ƙaya a bayansa."

Shi ya zare ƙugiyar ba safa. Ta yanke shi a yatsa, amma sanyi ya kashe hannun, bai ji ba sai da na nuna masa jinin.

"Za mu kai wa Umma?" na tambaya da Turanci.

"A Yawuri ake kai kifi gida. A nan mayarwa ake yi."

Na saki kifin cikin ruwa. Baba ya daɗe yana kallon ruwan.

Har yau abin yana cin raina. Muka taka har gida hannayensa a hammata, ban tuna na mayar masa da safar ba, shi ma bai ce in ba shi ba.