Hannu Ɗaya a Saƙonnin Gozaki

Tun da safe manhajar ta tsayar da saƙonnin Gozaki, ta shafa musu ja.

Bilki ce ta gina wa kamfanin irin shuka na Funtuwa wannan manhaja. Ita ta koya mata cewa "bai tsiro ba" da "ya ruɓe a ƙasa" 'yan gida ɗaya ne, wato matsalar iri, tsutsa da fari kuma gidansu daban. Manomi ya turo kukansa ta waya, manhaja ta tace, kamfani ya san wanda zai biya diyya. Bana masarar da aka sayar a Gozaki ta ƙi fitowa, kuma da diyyar nan mutane suke sa ran sake shuka kafin damina ta yi nisa.

Manaja, Oga Donatus, ya ƙwanƙwasa fuskar kwamfuta da yatsa.

"Bilki, duba nan. Wayoyi daban-daban, amma manhaja ta ce hannu ɗaya ne ya rubuta."

Ba ta yi musu ba. Saƙon manomi ai ba ya ɓuya: gaisuwa ta cinye rabi, sai can ƙarshe a tuna da masara. Waɗannan kuwa tsaf suke, sunan iri, ranar shuka, abin da ya faru. Kowanne ya faɗa gidansa ba gargada.

"Mai wannan aiki ya san cikinmu," in ji shi. "Makirci ne. Na soke diyyar Gozaki, wanda na kama kuma sai ofishin 'yan sanda."

"Oga, a tura wani ya ga gonakin mana."

"Manhajarki ce ta faɗa. Ko ƙarya take yi?"

In Bilki ta ce ƙarya ce, diyyar Bakori da ta Mahuta ma sun rushe, don da ita aka tantance su. Ta koma kan kujerarta, tsoro da kunya suna cin ta.

Ranar Juma'a ta hau motar gida kamar kullum. Tun daga nesa ta hango dattawan Gozaki a ƙofar gidan mahaifinta. Tsoho Baƙo ya taso da fara'arsa.

"'Yar Malam, sannu da hanya. Har yau kamfani shiru fa. Ga wayoyin, ki sake rubuta mana irin na rannan, tunda ke kika san yadda suke so."