Takalmin Ba Bukar

Shekarar da siyasa ta shigo Nguru, gari ya rabu biyu. Maƙwabta suka daina gaisawa, kullum sai a ji an kama wani. Babana baduku ne, ni kuma ina yarinya, ni nake kai masa fura rumfarsa a kasuwa.

Wata la'asar ina zaune kusa da shi, warin fata ya cika rumfar, sai ga Ba Bukar, wani dattijo mai fataucin shanu, wanda ba jam'iyyarsu ɗaya da Baba ba. Ya jefa takalmi gaban Baba, ya ɗaga murya: "Malam Idi, ko Gashuwa ban kai ba ɗinkin nan ya warware! Aikinka sako-sako, kamar jam'iyyarku."

Wasu samari a rumfunan kusa suka miƙe. Na tsorata, don na taɓa ganin an fasa kai a kan maganar da ba ta kai wannan ba.

Baba ya ɗauki takalmin, ya jujjuya shi, ya ja zaren. Ya ce, "Gaskiyarka, Ba Bukar, zaren ya yi siriri. Zauna in sake maka."

Dattijon ya zauna kan buzu. Kafin a gama ɗinki har sun raba goro.

Da ya tafi na ce, "Baba, ai zaginka ya yi!"

Ya yi murmushi. "Uwata, rabin maganarsa ta takalmi ce, ita na ɗauka. Sauran na bar masa kayansa."

Yanzu na tsufa, gari ya sake ɗaukar zafi, amma in na tuna muryar Baba sai hankalina ya kwanta.