Sanƙona

"Kwashe shi tas," na ce wa mai aski.

Ya riƙe aska yana dariya. "Haba maigida! Gashin da ka yi ta lallashi da man jimina har ya leƙo? Ko amaryar ce ta fasa?"

"Yi aikinka."

Jiya na je gaida Inna. Tun da ta makance, tunaninta kuma ya fara rikicewa, da hannu take gane 'ya'yanta. Ta shafa kaina, ta ji gashi, ta janye hannu.

"Bawan Allah, wa kake nema?"

Daga shagon na zarce ɗakinta, na durƙusa. Tafinta ya sauka a kan sanƙona, ya zauna daram.

"Ja'iri," in ji ta, "ina ka shige?"