Koren Ganye a Ƙofata

Na faɗi tsakanin gado da bango, sai fitila ta mutu.

Tun da gidan kula da tsofaffi da muke zaune ya shiga tattalin wuta, fitila ba ta kamawa sai ta ga motsi. Ɗakin da ya fi tsimi kuma ana manna masa koren ganye na takarda a ƙofa.

Ƙuguna ya ƙi motsi, muryata ta shaƙe, igiyar ƙararrawar neman taimako na can saman gado. Na ɗaga yatsa, fitila ba ta gan ni ba. Sanyin daɓe yana shiga ƙashina, ni kuwa ina tunanin ko haka kifi yake ji a ƙarƙashin ƙanƙara.

Na ji takun Solvej, mai jinyarmu.

"Ejvind yana barci, ko ɗigon haske babu," ta ce wa wata a bakin ƙofata. "Manna masa ganyen."

Suka manna, suka wuce.

Can sai ƙofa ta buɗe da ƙarfi, haske ya cika ɗakin. Bodil ce a keken guragu, maƙwabciyata da na ƙwace wa ganyen. Tun bara ba ma ga maciji.

Ta leƙo bayan gado, ta daɗe tana kallona.

"Dama na sani, tsohon banza," ta ce. "A ƙasa kake kwanciya don kada fitila ta gan ka."

Ta finciki igiyar ƙararrawa, ta riƙe.

"Kada ka motsa. Sai kowa ya zo ya ga maguɗinka."