Fuskar Aro

"Ƙara faɗin kunnuwan, ɗan nan," in ji tsohuwar. "Na ɗana kamar marfin tukunya suke."

Yaƙi ya ƙare, wuta ta cinye hotunan mutane. A tashar jirgin ƙasa ta Hamburg nake zama da gawayi, iyaye suna kwatanta mini 'ya'yansu da ba su dawo ba, ina zanawa. A bayan ragowar takardun na rubuta littafina na farko.

Da na gama zanen ɗan tsohuwar, sai na dube shi da kyau. Fuskata ce.

"Iya, ai wannan ni ne."

"Na sani." Ta naɗe takardar a hankali, ta sa cikin rigarta. "Tasa ta ɓace mini tun bara. Ara mini taka kafin ya dawo."