Abokin Wasan Auta

Kunkuru ya sake tsayawa a bakin ƙofa.

Jan Biro ya leƙo ta kafaɗar 'yarsa, ya ja tsaki. A madaba'ar da yake aiki aka laƙaba masa wannan suna, don shi ke gyaran rubutu kafin a buga, kuma ko allon shagon aski ya gani da kuskure sai ya shiga ya gaya wa mai shi. A ce mutum irinsa ne ya haifi Auta, yarinyar da ta kai aji huɗu tana kokawa da layi ɗaya!

Malamar cibiyar koyon karatu ta ce sunan abin disleksiya. Ba lalaci ba ne, ba ciwon ido ba, ƙwaƙwalwa ce ke shan wahalar haɗa harafi da sautinsa, kuma yakan bi jini. "Ba dai jinina ba," in ji shi. A ransa kuwa cewa ya yi yanzu har daƙiƙanci an raɗa masa suna mai tsada.

Bayan darasi, wai har da wasan kwamfuta a cikin maganin. Jirgin ruwa ne ke gudu a kogi, kifaye na tsalle ta ko'ina, sai ka kama shuɗi ka ƙyale ja. A cewar malama, hakan na koya wa ido da hankali tsayawa kan abu ɗaya cikin hayaniya. Mutum biyu ke bugawa kullum bayan la'asar, kowa daga inda yake, babu murya, babu hoto, sai laƙabi. A ƙarshen kowane mataki akwai ƙofa mai kalma a jiki, ba ta buɗewa sai kowannensu ya karanta ya taɓa hoton da ya dace.

Nan ne abokin wasan Auta, mai laƙabin Kunkuru, ke maƙalewa. Wajen kamun kifi hannunsa kamar walƙiya. Da an zo ƙofa sai ya daskare, maki na zubewa. Auta kuwa ta zauna tana jira, tana tura masa alamar tafi.

"Me kike tafa wa wannan dutsen?"

"Baba, yana ƙoƙari. Jiya ma shi ya riga ni."

A wajen cin abinci ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya ce irin waɗannan yara laifin gida ne, iyayen da ba su san darajar takarda ba su za su haifi kan da ko guduma ba ta fasa shi. Maman Auta ta miƙe. Ta kwashe kwanuka, ta dawo da takardar da aka aiko daga makaranta riƙe da gefen zani.

"Baban Auta, duba mana, hannuna da ruwa."

Ya karanta da ƙarfi, yana gyara waƙafi da baki. Ƙarshen zango za a yanke ko Auta ta wuce ko ta maimaita aji, kuma za a saurari abin da cibiyar ta ce. Shi ke nan. Ba ɗan wasu ne zai ja masa 'ya baya ba.

"Gobe zan sa a cire shi."

Auta ta kife kwamfutar a kan kujera. "In aka cire Kunkuru, ni ma na daina." Tunda aka fara kai ta makaranta, wannan ne kaɗai wanda ta taɓa jira. Kullum ita ake jira.

Washegari ya bar aiki da wuri. A hanya saƙon matarsa ya shigo, na murya kamar kullum, wai ta fita auna tagogin wata mai son labule, abinci na cikin kula. Wannan ɗinkin labule nata ya fara cinye mata kowace yamma.

Malama ta saurare shi har ya gama. Ta ce makin wasa ba shi ne ma'auni ba. Auta ta fi saurin karanta kalmomin ƙofa tun da ta samu wanda take ƙarfafa wa gwiwa.

"Ki ba ni lambar iyayensa."

"Ba ma bayar da wannan. Kunkuru ba shi da kwamfuta a gida, nan yake zuwa. Da kansa ya roƙi a haɗa shi da 'yarka, kuma ya roƙi kada kowa ya sani."

"Nan yake zuwa? Yanzu ke nan yana ciki."

Bai jira amsa ba. Ya bi baranda, malama na kiransa a baya, yana tura ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. A bakinsa ya riga ya shirya maganar da zai ba yaron ya kai gida.

Ɗakin ƙarshe ƙarami ne, tebur ɗaya, kujera irin ta yara. A fuskar kwamfuta jirgi ya tsaya a bakin ƙofa, alamar tafin Auta na faɗowa daga sama. Wani yatsa mai kanta irin ta allura yana bin kalmar harafi bayan harafi, leɓe na motsi a hankali. Kalma ce mai gaɓa biyu, wadda shi ko cikin barci zai gyara.

Ƙofar ta buɗe, jirgi ya wuce. Kunkuru ya sauke numfashi, ya zare abin kunne, ya juyo da murmushi, tef ɗin awo rataye a wuya, sai Jan Biro ya ga fuskar matarsa.