Garken Goggo Dije

Ranar Laraba ake barin masu shanu su ziyarci garkensu, don haka Goggo Dije ta ci ado ta nufi ɗakin bincike. Tun da annoba ta share shanun ƙasar nan, abin da ya rage na saniyarta Wule shi ne ƙwayoyin jikinta, a ɗan farantin gilashi.

Likita Asabe ta ja mata kujera gaban madubin ganin ƙananan halittu.

"Goggo, jiya mun sake zuba musu cutar. Na sauran farantai duk sun mutu. Na Wule ko gezau."

Goggo ta leƙa, ta ga ɗigo-ɗigo sun cunkushe kamar shanu a mashaya.

"Ai gado ne. Uwarta ma ta taɓa korar kura. In maganin ya fito, sunan Wule za ku sa, ba lamba ba."

Sai ta sunkuya ta yi kiran da take yi mata da yamma a ruga. Ma'aikata suka tsaya cak.

Asabe ta rage murya. "Goggo, wai da wane irin kuka take amsawa? Ban taɓa ji ba."

Goggo Dije ta gyara zama, ta cika ƙirji, ta yi musu kukan Wule.